Imam na wa ne? Musayar baitoci

Ɗan Kagara:
Bismillahi na buɗe baitina,
Abubakar Imam ne yau a bakina,
Kagara ta haife shi, wato garina,
A 1911, ku riƙe zancena.

Bakatsine:
Kun yanke cibi, madalla, mun gode,
A Kwalejin Katsina idonsa ya buɗe,
Yana koyarwa a Midil, bai daɗe
Ba ya kai Ruwan Bagaja gasa, aka karɓe.

Malam Mai Aruli:
Subhanallahi! Bakatsine, ka raba "bai daɗe" da "ba" ɗinta, ka jefa ta ɗango na gaba kamar marainiya. Kuma "karɓe" ba ta amsa "gode" ba. Gyara.

Bakatsine:
Malam, awon igiya kake, mu muna ɗiban ruwa.

Inna Bazazzagiya:
Ku yi ta jan rigar, ai mu muka ɗinka,
Ɗana Bakatsine, sassauta bakinka,
Magana Jari Ce a Zariya ya tsara maka,
Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939, tambayi kakanka.
Nan ya zauna har 1981, ya koma ga Mahaliccinka.

Bakano:
Inna, Zagezagi kun iya cika baki,
Akun nan naku aro ya yi wa ɗaki,
Tatsuniyar Larabawa ya sa wa lalle da kwalli,
Au, amsa-amo ya gudu, ku ba ni aron doki.

Inna Bazazzagiya:
Aron tukunya ba ya hana tuwo daɗi,
Ɗan kasuwa, kai dai ka san kuɗi,
Ya ɗauko baƙo ya naɗa masa rawani mai faɗi,
Har ka rantse a Hausa aka haifi wannan taɗi.

Malam Mai Aruli:
Inna, ɗango na uku ya fi 'yan'uwansa tsawo.

Inna Bazazzagiya:
Malam, rawani ne, dole ya yi tsawo.

Ɗan Kagara:
Afuwan, caji ya ƙare mini tun jiya.
Ya je Ingila 1943 da 'yan jarida,
Lambar girma ta OBE ya samu, CON ya ƙara a gida,
Kuna ta faɗa kun manta da Gandoki,
Na yayansa Bello Kagara, mai jan doki.
Gida ɗaya, gasa ɗaya, littafi biyu. Katsina, kawo naki.

Bakatsine:
Shi ma Bellon ai Walin Katsina ne. Bari in yi sallah in dawo.