Da gaske ana iya lissafa inda teku zai kai nan gaba?

Mai Shayi, Ajah: Assalamu alaikum. An yi mini tallan fili wajen Okun Ajah, bakin teku a Legas, kuɗin da sauƙi, amma daga bakin filin ina jin rugugin ruwa. Wani dattijo ya nuna mini kututturan kwakwa tsaye cikin teku, ya ce da can tudu ne. Ɗan ƙanwata kuma ya ce masana na da lissafin kwamfuta mai nuna inda ruwa zai ci nan da shekara 30. Gumin shekaru ne zan zuba, don Allah a fahimtar da ni.

Safiyo, Agege: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lissafin yana nan. Ana jera hotunan tauraron ɗan adam na Landsat, wanda ke ɗauka tun 1972, a auna mita nawa gaɓa ke ja da baya a shekara, sannan a haɗa da ƙarfin igiya, da irin ƙasar, da hauhawar teku. A Holderness ta Ingila, inda gaɓar tudu ce mai tsayi ta laka, kusan mita 2 ke tafiya duk shekara. Sai dai ba a hankali take tafiya ba. Igiya ta yi ta ƙwaƙule gindin, ruwan sama ya jiƙa saman, a shekara shiru, dare ɗaya ta rufta. Matsakaici kwamfuta ke bayarwa, ranar ruftawa ba ta sani ba.

Ɗalibin Akoka: Yaya Safiyo, ƙari kan bayaninka: gaɓar Legas yashi ce zalla, kuma ruwa na jan yashin daga yamma zuwa gabas. Katangun duwatsun da Turawa suka gina a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 suka tare shi, gabas ta rasa, teku ya yi ta cin Bar Beach, gaɓar Victoria Island. Shi ya sa duk sabon shingen da aka yi yamma da filinka zai iya sauya lissafin jiya. Baba, ka nemi ra'ayin masana a cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island.

Hajiya, Obalende: Kada ka biya ko kobo da rani, ɗan'uwana. Ka je cikin Agusta, lokacin da ruwa ke hauka. A irin wannan watan ne teku ya afka gaɓar Kuramo da ke Victoria Island a 2012.

Mai Shayi, Ajah: Allah ya saka da alheri. Malam Safiyo, in na turo maka takardar awon filin, za ka duba mini tsofaffin hotunan wurin?