Me ya haɗa Beethoven da waƙoƙin gargajiya na Sikotilan?

MaiSauraro:
Assalamu alaikum. Na saurari waƙoƙin Sikotilan 25 da Beethoven, mawallafin kiɗan nan Bajamushe, ya tsara wa kiɗa, aka buga a 1818, amma na rasa gane yadda mutumin da ke zaune a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya shiga wannan aiki. Kuma shin waƙoƙin sun zauna yadda mutanen ƙasar suke rera su, ko an sauya su?

Malam_Goge:
Wa alaikumus salam. Mafarin lamarin wani mai buga littattafan kiɗa ne a Edinbura, George Thomson, wanda ya fara fitar da kundinsa a 1793. Yakan aika wa manyan mawallafan kiɗa na Turai da karin waƙa, ya biya su kuɗi su ɗora masa rakiyar piyano da biyolin da celo (ƙarami da babban gogen Turawa). Pleyel da Kozeluch da Haydn duk sun yi masa aiki kafin Beethoven, wanda ya fara wajen 1809. Abin mamaki, sau da yawa kari kaɗai Thomson yake aikawa ba tare da baitoci ba, har Beethoven ya yi ƙorafin cewa ba zai iya ba waƙa haƙƙinta ba alhali bai san abin da take cewa ba.

Hajiya_Rabi'a:
Malam ya yi bayani, amma tambaya ta biyu ta fi nauyi. Da yawa daga cikin karin Sikotilan an gina su ne a kan sautuka biyar, ko kan tsoffin tsare-tsaren da ba su dace da yadda kiɗan Biyana yake rufe jimla ba. Saboda haka mai tsarawa yakan cusa sautin da asalin waƙar ba ta da shi domin kunnen Bature na wancan zamani ya gamsu. A ganina Haydn ya fi barin kari ya numfasa, Beethoven kuwa yakan cika gabatarwa da rufewa da nasa tunanin, ko da yake Thomson ya sha roƙonsa ya sauƙaƙa ɓangaren piyano saboda masu kaɗawa a gida.

Malam_Goge:
Hajiya, ba ki faɗi ƙarya ba, sai dai a tuna cewa baitocin ma ba na asali ba ne duka. Robert Burns, shahararren marubucin waƙoƙin Sikotilan, ya rubuta wa Thomson sababbi da yawa daga 1792 har rasuwarsa a 1796. Don haka MaiSauraro ya nemi waƙa guda da muryar mawaƙi shi kaɗai ba kiɗa, sannan ya kwatanta ta da tsarin Beethoven.