Safar Zinare ta De Gea: shi ne ya fi kowa, ko lissafi ne ya ba shi? (Muhawarar da aka yi a watan Yunin 2023)

Mai Gidan Kallo: Salamu alaikum jama'a. Tun ranar Asabar da aka tashi daga wasan ƙarshe na kofin FA ake ja-in-ja a wurina, har na kashe janareta mutane ba su watse ba. Shi ya sa na kawo maganar nan. An ba David de Gea, golan Manchester United, kyautar Safar Hannu ta Zinare ta gasar Firimiya ta kakar 2022/23 saboda ya yi wasa 17 ba a zura masa ƙwallo ba. Alisson na Liverpool da Nick Pope na Newcastle da Ramsdale na Arsenal kowannensu 14 ya yi. Ƙa'ida kam an bi ta. Amma in ana maganar golan da ya fi kowa a bana, ni ko a ukun farko ban sa shi ba.

Ɗan United: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, 17 ta fi 14 ko ba ta fi ba? Tazarar wasa uku ce, ba ɗaya ba. Duka wasa 38 shi ya tsaya a raga. Tun da aka fara ba da kyautar nan a kakar 2004/05 haka ake lissafinta. Petr Cech da wasa 24 ya karɓa a Chelsea, ba wanda ya ce a sake duba ƙa'ida. Sai da ta faɗo hannun golanmu za a ce ma'aunin bai yi ba?

Na Anfield: Ɗan'uwa, Cech a waccan kakar ƙwallo 15 kacal aka ci Chelsea. Naku 43 ya sha. Bakwai a Anfield, shida a gidan City, huɗu a Brentford. Ƙwallo 17 ke nan a wasa uku.

Ɗan United: Ka taimake ni da wannan lissafin. Cire ukun nan, saura wasa 35 da ƙwallo 26. A Old Trafford kakar nan gaba ɗaya ƙwallo 10 aka ci mu a lig. Kuma kai ne bai kamata ka ɗaga maganar 43 ba, don Alisson ma 43 ya sha, a wasa 37. Sauran huɗun da suka cika wa Liverpool 47 a wasan ƙarshe da Southampton aka ci, Kelleher ne a raga. Ƙwallaye iri ɗaya, De Gea ya fi shi wasa ɗaya, ya fi shi tsare raga da wasa uku. To ina fifikon?

Baba Gola: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Na tsare raga a ƙungiyar unguwa shekaru da yawa, a filin da in ka faɗi sai tsakuwa ta ɗebe maka fatar gwiwa. Abin da aka fara koya mana shi ne: ƙwallon da ta taho ƙasa-ƙasa ba ƙarfi, ka sa jikinka gaba ɗaya a bayanta. Hannu biyu a gaba, ƙirji a baya, in hannu ya kuskure jiki ya tare. Yanzu ku koma ku kalli ƙwallon da Benrahma ya ci a gidan West Ham a watan Mayu. Daga nesa ya buga, ƙwallon tana tafe kamar an gangaro ta. De Gea ya ja da baya, ƙafarsa ba ta kafu ba, ya miƙa hannu ɗaya, ta taɓa hannun ta wuce. Da wannan ƙwallon kaɗai United ta rasa maki uku. Ta farko a Brentford ma haka, bugun Dasilva ta ƙarƙashin hannunsa ta sulale. Ta biyun kuma shi ya ba Eriksen ƙwallo alhali akwai mutum manne a bayansa. Irin waɗannan ba laifin 'yan baya ba ne, na mai raga ne shi kaɗai. Lissafin kyautar nan bai san da su ba. Wasan da ka sha ɗaya da ba yadda za ka yi, da wasan da ka sha huɗu da hannunka, duk ɗaya ne a wurinsa.

Ɗan United: Baba, na yarda da West Ham, ranar ban yi barci da daɗi ba. Amma a yi adalci. Ka tuna wasan Leicester a watan Fabrairu? Kafin mu ci ko ɗaya sun kusa gama da mu. Ya tare ta Harvey Barnes, sannan ya yi tsalle ya kaɗe wadda Iheanacho ya sa wa kai, wadda duk gidan kallo an riga an miƙe ana cewa ta shiga. Aka tashi 3-0. Da wani golan ne, da an ci mu biyu kafin hutun rabin lokaci. Mako guda bayan nan ya tsare raga a Wembley muka ɗauki kofin Carabao, ya wuce tarihin Peter Schmeichel na yawan wasannin da ba a ci gola ba a United. Ranar rufe gasa kuma ya tare fenaritin Mitrovic.

Baba Gola: Ta Iheanacho kam aiki ne na gwani, ban musa ba. Saurin hannu a kan layi har gobe yana da shi. Inda yake ba ni tsoro shi ne idan ƙwallo ta taho sama daga kwana, ko aka mayar masa da ita a ƙafa. Ba ya son fitowa.

Hajiyar Arsenal: Duk kun manta da Ramsdale. Arsenal ma 43 aka ci ta, kuma mu muka zo na biyu. Wanda ya kalli minti na ƙarshe a Anfield, ranar da aka tashi 2-2, ya ga yadda ya kaɗe bugun Salah, ya kuma tare ta Konaté a bakin layi. Maki ɗayan nan shi ya samo mana shi.

Na Anfield: Hajiya, wannan rana har yanzu tana min ciwo. Amma shi ma ya ba Southampton ƙwallo da ƙafarsa tun ba a cika minti ɗaya ba, a lokacin da kuke tsananin buƙatar nasara.

Abin da nake so Ɗan United ya gane shi ne, 43 da 43 ba ɗaya ba ne. De Gea yana da Casemiro a gabansa, da Varane da Lisandro Martinez. Alisson fa? Tsakiyarmu a bana a buɗe take, Fabinho ƙafa ta yi nauyi, Van Dijk ba kamar da ba, 'yan baya kuma suna tsayawa can kusa da tsakiyar fili. Kowane wasa sai ka ga ɗan gaba ya tsere ya rage daga shi sai Alisson. A nan ake gane gola: ba ya saurin faɗuwa, yana fitowa ya rage wa mutum fili, ya buɗe jiki har sai mai ƙwallon ya rasa inda zai sa ta. Na biyar muka ƙare. Ba don shi ba, da ban san inda za mu tsaya ba. Kuma ku tuna ranar da muka ci City 1-0 a watan Oktoba, daga hannunsa ƙwallon ta tashi kai tsaye zuwa ƙafar Salah.

Ɗan United: Shi ma ai ya buga wa Vinicius ƙwallo a jiki ta koma raga ranar da Real Madrid ta ci ku 5-2.

Na Anfield: Wannan gasar Zakarun Turai ce. In za a shigo da wasannin waje, sai mu ɗauko ranar da Sevilla ta ci ku 3-0, da ƙwallo ta biyu da Gundogan na City ya ci a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, wadda ta yi tsalle sau biyu a ƙasa kafin ta wuce shi.

Malam Lissafi: Ina ganin tambaya biyu kuke amsawa a lokaci guda. A Sifaniya, kyautar Zamora da jaridar Marca ke bayarwa raba ƙwallayen da aka ci gola ake yi da yawan wasanninsa, kuma sai ya buga aƙalla wasa 28. Bana Ter Stegen na Barcelona ya ɗauka, ƙwallo 18 aka ci shi, wasa 26 ragarsa ba ta motsa ba. Da wannan ma'auni aka bi a Ingila, De Gea ba zai shiga maganar ba, don Newcastle da City ƙwallo 33 kowacce ta sha, su ne mafi ƙaranci. Ni Pope zan ba. Newcastle ta zo ta huɗu, ta koma gasar Zakarun Turai bayan shekara 20.

Baba Gola: Malam, wannan ma'aunin ma na ƙungiya ne. Pope yana da Trippier da Schär da Botman da Burn, kusan kullum su huɗun ne, sun san juna. Ederson na City kuwa akwai ranar da rigarsa ko datti ba ta yi. In aikin hannu ake nema, a dubi David Raya na Brentford, wanda ya fi kowa yawan tare ƙwallo a gasar bana, ƙungiyarsa ta ƙare ta tara. Shi ba wanda ya kira sunansa a nan.

Mai Gidan Kallo: Baba ya taɓo inda nake. Ranar 7-0 ina tsaye a bakin ƙofa ina karɓar kuɗi. Da aka ci ta biyar, bencin 'yan United ya fara zama fayau, mutum ya tashi ya bar shayinsa ko rabi bai sha ba. Wani yaro da ke zuwa da rigar De Gea kullum ya zauna har aka busa tashi, bai ce uffan ba. Ba na ɗora wa gola bakwai ɗin nan duka. Amma yana min wuya in ce wanda na ga an ɗebo ƙwallo daga ragarsa sau bakwai a dare ɗaya shi ne ya fi kowa a kakar.

Ɗan United: Yallaɓai, ba a rubuta "wanda ya fi kowa" a jikin kyautar ba. Cewa aka yi wanda ya fi yawan tsare ragarsa, kuma shi ne. A 2018/19 da Alisson ya karɓa da wasa 21, Van Dijk na kan ganiyarsa, ban ji ɗan Liverpool ko ɗaya ya ce ta 'yan baya ce ba. Shekara 12 mutumin nan yana Old Trafford, akwai kakannin da shi kaɗai ya riƙe mu. Kwantiraginsa ƙarshen watan nan na Yunin 2023 zai ƙare. Ni dai ina so a sabunta masa, ko da za a kawo wani su yi takara.

Na Anfield: A kan Van Dijk ka yi gaskiya, na karɓa. Amma amsa min wannan tsakaninka da Allah: gobe wasan ƙarshe ne, an ce ka zaɓi gola ɗaya tsakanin De Gea na bana da Alisson na bana. Wa za ka sa a raga?

Ɗan United: Alisson zan sa. Amma safar ta De Gea ce, kuma ba zan yarda a ce ba guminsa ba ne.