Muhawara: Shin kundin "30" na Adele ya fi "21"?

Mukhtar: Jama'a, na faɗa a situdiyonmu na Zoo Road a Kano an yi mini caa, to bari in maimaita a nan. Kundin waƙoƙi "30" da mawaƙiyar Birtaniya Adele ta fitar ranar 19 ga Nuwamba 2021 ya fi "21" na 2011. A "21" budurwa ce saurayi ya rabu da ita take kuka. A "30" kuwa uwa ce da ta zaɓi fita daga aurenta, tana neman yadda za ta yi wa ɗanta bayani. Wannan ya fi wuyar rerawa.

Fa'iza: Yaya Mukhtar, wuyar rerawa daban, daɗin ji daban. Waƙa 12 ce a "30", biyar daga ciki sun haura minti shida. Ban da "Easy on Me", wanne amshi ne ya zauna maka a baki? "Someone Like You" ta cikin "21" kuwa ko masu gyaran waya a Farm Centre sun san ta. Kuma "21" ya ci lambar yabo ta Grammy ta Amurka ta kundin shekara a 2012, shi "30" a 2023 Harry Styles ne ya ɗauke.

Mukhtar: Ai ya ci nasa a gida, lambar yabo ta BRIT ta Birtaniya a 2022 ta ba shi kundin shekara. Tsawon kuma ba laifi ba ne, ƙanwata. Sa abin kunne ki saurari "To Be Loved": fiyano ne da murya kawai, tun tana yi ƙasa-ƙasa har muryar ta kai inda take neman tsagewa, kuma ba a goge wannan kaushin ba. Ni da nake haɗa sauti kullum, na san da hannuna ne da na ji tsoron barinsa. Kamar Ɗan Maraya Jos ne da kuntiginsa, babu kiɗan da mutum zai ɓuya a bayansa.

Fa'iza: Wannan na yarda. Amma tsakiyar kundin fa? "Can I Get It" da ta yi da mai tsara waƙa Max Martin, da fitonta da komai, ba ta da haɗi da sauran. Don rediyo aka yi ta.

Mukhtar: Ita ɗaya ba zan kare ta ba.

Malam Auwal: Ni ba kiɗan ne ya dame ni ba. "My Little Love" ce. Ta ɗauki hirarta da yaronta Angelo, ƙaramin yaro, ta saka a waƙa duniya na ji, har da kukanta a ƙarshe. Yaron nan zai girma, abokansa za su ji. An tambaye shi? Ko an tambaye shi, ya kai ya gane me ya amince da shi? Sirrin gida ai ba kayan kasuwa ba ne.

Anti Binta: Malam, ka yi haƙuri in sa baki. Aurena ya mutu ina da yara biyu. Ranar da babbar ta tambaye ni me ya sa ba ma komawa gidan Abba, tana riƙe da gefen hijabina a bakin ƙofa, cewa na yi ta je ta wanke hannu a ci abinci. Haka muke yi a garin nan: zawarawa ga su birjik, amma babu mai zama ta yi wa yaro bayani, sai dai ya tsinta a bakin dangi. Da na ji matar nan tana faɗa wa ɗanta cewa ita ma a rikice take, sai da na tsayar da wankin da nake yi.

Malam Auwal: Allah ya ba da lada, Hajiya. Yi wa yaro bayani daidai ne, ban musa ba. Sayar da bayanin nake ƙi.

Anti Binta: Da za ta cire muryar yaron ta bar tata, da ni ma na fi so. Amma da ba ta fitar da waƙar ba, da har yau ban zaunar da 'yata ba.

Mukhtar: Shi ya sa Adele ta nemi manhajar sauraron waƙa ta Spotify su daina cakuɗa jerin waƙoƙin kundi, suka kuma yi. Labari ne, daga farko ake binsa. Fa'iza, kin taɓa jin sa a jere, ba tsallake?

Fa'iza: Na ji, Yaya. A muryarta da rubutunta "30" ya fi, ban ƙi ba. Amma in na shiga adaidaita daga Kabuga zuwa Sabon Gari, "21" zan kunna.