Sharar makaranta: ina kuke kai taku?

Shugaban makarantar firamare, cikin birnin Kano

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina neman shawararku a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Makarantarmu a cikin lungu take, inda motar kwashe shara ba ta iya shiga, kuma da zarar an kaɗa ƙararrawar komawa aji bayan tara, sai ka tarar filin ya yi fari fat da ledar fiya wata, ga ledar awara da ta ɗanwake masu maiƙo, ga takardun da aka yage daga littattafai. Abin da muka gada shi ne a sa yaran da suka makara su tsince, a tara a bayan ajujuwa, a cinna wuta. Hayaƙin yakan shigo ta taga har malami ya dakatar da darasi, kuma iyayen yara masu ciwon asma sun zo sun yi mini magana, suna kuwa da gaskiya. Idan damina ta faɗi, abin da bai ƙone ba ya toshe kwata, ruwa ya kwanta a bakin ƙofa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Tsaftar muhalli ta ƙarshen wata da ake yi a jiharmu ranar Asabar take faɗowa, ranar da babu kowa a makaranta. Ina roƙon duk wanda ya gwada wani abu da hannunsa ya ba mu labari, har da wuraren da abin ya ci tura.

Malamar aji uku, Zariya

Wa alaikumus salam, Yallaɓai. A wurinmu mun lura cewa mafi yawan abin da ake sharewa ledar ruwa ce, kuma ƙishirwa ce take sa yaro sayen ruwan leda, musamman a zafin Maris da Afrilu. Saboda haka daga ruwan sha muka fara. Kwamitin kula da makaranta ya saya mana manyan randuna, aka girke su a inuwar darbejiya a kan jiƙaƙƙen yashi, kowace da murfinta da moɗa mai dogon hannu, ɗan garuwa yana cika su da safe daga burtsatsen unguwa. Aka umarci kowane yaro ya zo da gorarsa daga gida, domin ba mu yarda yara su riƙa sha da kofi ɗaya ba saboda cututtukan da ake ɗauka ta baki.

Abin da ya fi wuya shi ne masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Yawancinsu iyayen ɗalibanmu ne, matan unguwa masu neman na cefane, kuma babu wanda ya isa ya ce su tashi. Mai unguwa ne ya tara mu, aka yi yarjejeniya cewa shinkafa da wake da taliya da ɗanwake a kwanon yaro za a zuba, sannan kowace mai sayarwa ta zo da buhu ta kwashe ledar da ta fito daga wurinta kafin ta tafi gida. Da farko sun yi ƙorafi cewa zubawa a kwano yana cin lokaci, kuma abinci yakan yi kaɗan a idon yaro idan kwanon mai faɗi ne, amma da suka ga kuɗin sayen leda ya koma aljihunsu sai maganar ta kwanta. Ledar biskit da ta alewa kam har yanzu muna fama da su, tunda a naɗe suke zuwa daga kamfani.

Malamin kimiyya, babbar sakandare, Kano

Malama ta kama bakin zaren, domin sharar da ba ta shigo ba ba ta buƙatar mai kwashe ta. Ni zan yi magana a kan wadda ta riga ta shigo. Yallaɓai, a garin da kake akwai masu sayen kusan duk abin da kake ƙonawa. 'Yan gwangwan suna zagayawa da kura da sikeli, suna kai wa dillalai, su kuma su kai masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda ake markaɗe roba a narka ta a sake yin buta da bokiti da silifa. Mun ajiye buhuna a ɗakin ajiya mai kulle: ɗaya na robar lemo, ɗaya na roba mai tauri irin fasasshen bokiti da karyayyar kujera, ɗaya na ledar ruwa, ɗaya na gwangwani da ƙarfe. Dole a ware su, domin ba iri ɗaya ba ne wajen narkawa, kuma idan aka cakuɗa mai saye zai karya farashi.

Sai dai kada kowa ya sa rai da kuɗi mai yawa. Ledar ruwa ba ta da nauyi, sai a cika buhu maƙil a ɗora a sikeli a ga abin bai kai ya kawo ba, kuma idan da laima ko ƙasa a jikinta ba a saye da daraja, shi ya sa muke yanka ta mu shanya kafin a cusa a buhu. Ƙarfe da roba mai tauri su ne ke kawo ɗan abin kirki. Duk abin da aka samu ana rubuta shi a littafi, a kuma karanta a gaban ɗalibai a taron safe, sannan a sayi alli da tsintsiya, ko a kira mai walda ya gyara bencin da ya karye. Karantawar nan ita ce ta sa yara suka riƙe abin da gaske, domin suna zama a kan bencin da sharar tasu ta gyara. A Ajegunle ta Legas har akwai makarantar da ke karɓar robobi daga iyaye a madadin wani ɓangare na kuɗin makaranta, amma mu ba mu kai nan ba.

Uba, ɗan ƙungiyar iyaye da malamai, Kaduna

Malam, Allah ya saka da alheri, amma ina so a ji ta bakin iyaye. A makarantar ɗana an sa gasa tsakanin ajujuwa, aka ce ajin da ya fi tara robobi zai samu kyauta. Abin da ya biyo baya shi ne yaro ya daina dawowa gida a kan lokaci, ashe shi da abokansa bola suke bi suna tono da hannu. Wata rana ya dawo da yanka a tafin hannu daga bakin gwangwani mai tsatsa, sai da muka je asibiti aka yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki, kuma ya ba ni labarin sun ga sirinji da allurarsa a cikin abin da suka tono. Ba na raina sana'ar masu jari bola, mutane ne masu neman halali kuma suna yi wa gari aiki, amma karatu na kai ɗana ya yi. Duk makarantar da za ta fara wannan tsari, don Allah ta yi tunanin abin da yaro ɗan shekara goma zai aikata idan aka ce masa akwai kyauta.

Malamin kimiyya, babbar sakandare, Kano

Alhaji, Allah ya ƙara wa yaro lafiya, kuma maganarka a kan hanya take. Dokarmu ita ce ba a karɓar komai daga wajen katangar makaranta, ko daga gida ne, kuma ba a yin gasar nauyi. Kyautar da muke bayarwa ta ajin da ya fi tsafta ce a ƙarshen zango. Kwalba da duk abu mai kaifi kuwa ɗalibi ba ya taɓawa, maigadi ne yake ɗauka da safar hannu da shebur, kuma daga kuɗin da aka samu ake ba shi ɗan hasafi.

Malamin lakwal (makarantar boko), Maraɗi

Ina gaida 'yan'uwa na Najeriya. A nan Nijar tun watan Nuwamba na 2014 aka yi dokar hana yi da shigowa da sayar da leda marar kauri, amma duk wanda ya fita bayan gari zai ga baƙar leda ta maƙale a kan ƙayoyi kamar hankaki sun sauka. Mu abin da ya fi damunmu awaki ne, domin lakwal ɗinmu ba ta da katanga, dabbobin unguwa suna shigowa suna cin ledar da ke da gishiri ko mai. Wani mahauci, uban ɗalibinmu, ya kawo mana dunƙulen leda da ya ciro daga tumbin akuyar da ta rame aka yanka, baƙi ƙirin kuma da tauri, ya ɗaga a gaban yara. Tun daga ranar ban sake wahalar yi musu bayani ba, tunda kusan kowane yaro akwai akuyar uwarsa a gida.

Ledar ruwa kuwa mun mayar da ita gidan renon itatuwa. Ana yanke samanta, a huda ƙasanta da ƙusa wuri uku ko huɗu don ruwa ya tsane, a cika da yashi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, a saka irin zogale ko dogon yaro ko bagaruwa. Irin bagaruwa sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, in ba haka ba yakan daɗe bai tsiro ba. Muna farawa tun kafin damina, ta yadda zuwa ranar 3 ga Agusta, da ake dashen itatuwa a faɗin ƙasar, dashen ya yi ƙwari. Abin lura shi ne ranar dashe a tsaga ledar a cire ta, a kuma tattara ta a buhu, domin idan aka bar ta a gona an mayar da matsalar wurin manomi ne kawai. Wahalar da ba mu gama warwarewa ba ita ce ban ruwa a lokacin babban hutu, wanda yanzu yaran da ke kusa suke yi bi da bi.

Malamin Islamiyya, Katsina

Akwai abin da ban ga an taɓa ba, wato takarda. A makarantun allo da muka taso babu wannan damuwa, domin almajiri yakan rubuta da alƙalamin kara, ya haddace, ya wanke allonsa, ya sake rubutu, kuma allo ɗaya yakan yi shekaru. Yanzu da muka koma littafin rubutu da takardun jarrabawa, sai na wayi gari na ga ƙosai a naɗe cikin takardar jarrabawar wata makaranta, ga ayar Alƙur'ani a jiki mai ya jiƙa ta, ga sunan yarinya da makin da ta ci. Ina roƙon shugabannin makarantu, har da na boko tunda ana koyar da darasin addini a can, su daina sayar wa masu ƙosai da tsire takardun jarrabawa ba tare da tantancewa ba. Mu mun ajiye akwati na musamman a ofis, duk takardar da ke ɗauke da aya ko hadisi ko sunan Allah a nan ake saka ta, idan ya cika a binne a wuri mai tsarki ko a ƙona ita kaɗai a binne tokar. Haka kuma a ƙarshen shekara muna karɓar tsofaffin littattafan rubutu mu yanke shafukan da ba a taɓa ba, manyan ɗalibai su ɗinke su da zare da basilla, a raba wa marayu da waɗanda iyayensu ba su da hali.

Mai kula da ɗalibai, makarantar kwana ta 'yan mata, Bauchi

Tamu sharar daga kicin take fitowa. Abu na farko da ya rage ta shi ne ƙidaya ɗaliban da ke nan kafin a auna hatsi, maimakon a dafa bisa lissafin rajista alhali wasu suna gida ko asibiti. Tuwon da ya kwana ɗumame ake yi da shi, ƙanzo da sauran abin da ba ya ciwuwa ana shanya su a kan buhu a sayar wa masu kiwo. Ɓawon doya da na albasa da ganyen da aka share da tokar murhu kuwa malamin noma ya haƙa musu ramuka biyu a bayan kicin, ana zubawa ana rufewa da ƙasa da kashin awaki, ana yayyafa ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa, ana juyawa lokaci-lokaci, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki da muke sa wa lambun alayyafo da kuɓewa. Malamin yakan tuna mana cewa manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗaukar takin gari a kan jakuna zuwa gonakinsu, kuma leda da fasasshiyar kwalba da mataccen batir ne suka ɓata takin bola a yau, don haka ba a bari ko ɗaya ya shiga ramin.

Inda na rasa mafita shi ne audugar mata. Yara suna jefa ta a masai saboda kunya, ba ta ruɓewa, masai ya cika kafin lokaci, masu yashewa kuma su ƙara kuɗi. Idan akwai 'yar'uwar da ta shawo kan wannan, ina sauraro.

Ma'aikaciyar jinya a asibitin makarantar kwana, Sakkwato

Hajiya, mun sha fama da irin wannan. Kunyar ce ya kamata a yi wa tanadi, domin yarinya ba za ta fito tsakar ɗakin kwana da abin a hannu ba ko da an yi mata faɗa. Mun sa bokiti mai murfi a cikin kowane banɗaki, tare da tsofaffin takardu da Malam na Katsina zai yarda da su, wato waɗanda babu aya ko suna a jiki, don a naɗe kafin a jefa. Mace ce take kwashewa da yamma, a ƙone a wani ƙaramin murhun bulo mai dogon bututu da aka gina nesa da ɗakunan kwana, ta ɓangaren da iska ba ta kaɗo hayaƙin. Malamar koyar da ɗinki kuma tana koya wa manyan ɗalibai ɗinka ƙunzugu na yadin auduga da ake wankewa a sake amfani da shi, wanda ya rage wa iyaye kashe kuɗi sosai. Sharaɗinsa shi ne ruwa da sabulu da shanya a rana har ya bushe ƙarau, domin idan aka ɓoye shi da laima a ƙarƙashin katifa yana jawo ƙaiƙayi da cuta. Saboda haka kafin ki fara, ki nemi a kewaye miki wurin shanya da zana ko langalanga a bayan ɗakin kwana, inda babu namijin da ke wucewa.