Kwazazzabon Colca a Peru: kwana nawa ya isa, kuma me ya kamata a shirya?

Bakatsine:

Assalamu alaikum jama'a. Mu uku ne za mu je Peru halartar taro a Lima, kuma za mu samu rarar kwana shida. Muna so mu je kwazazzabon Colca mu ga ungulun nan da ake kira kondor, mu kuma sauka ƙasan kwazazzabon da ƙafa. Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar tafiyar kwana biyu daga birnin Arequipa, a ɗauke mutum ƙarfe 3 na dare. Wannan tsarin ya yi, ko akwai wanda ya fi shi? Wane wata ya fi dacewa, kuma me za mu riƙe? Dukanmu muna tafiyar ƙafa, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka saba.

Malam Na-Tsauni:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsarin ƙarfe 3 na dare shi ne wanda zan fara hana ku, musamman idan jiya-jiya kuka sauka daga Lima. Dalilin yana cikin lissafin tudu. Lima a bakin teku take. Arequipa tana kan mita 2,335, wato kusan tsayin Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Daga Arequipa hanyar mota sai ta haura mashigar dutse ta Patapampa, mita 4,910, kafin ta gangaro Chivay mai kimanin mita 3,630. Cabanaconde, garin da ake fara sauka kwazazzabon daga gare shi, yana kusa da mita 3,290. Mutumin Katsina ko Kano jikinsa ya saba da wajen mita 500 ne. Idan aka ɗebe shi cikin dare ba barci, aka haye da shi kusan mita 5,000 da asuba, aka ce ya fara tafiyar awa shida kafin hantsi ya ɗaga, to an haɗa masa rashin barci da ƙarancin iska da rana a yini ɗaya. Ciwon da ke biyo baya mutanen can suna kiransa soroche: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin cin abinci.

Da kwana shida ba ku da dalilin gaggawa. Ku kwana biyu a Arequipa ba tare da wani aikin wahala ba. Rana ta uku ku shiga motar haya daga tashar garin da safe; zuwa Chivay kimanin kilomita 160 ne, awa uku zuwa huɗu, zuwa Cabanaconde kuma a ƙara awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ku zarce zuwa Cabanaconde ku kwana, domin ta fi Chivay ƙasa da mita ɗari uku da wani abu, kuma wannan bambancin ana jin sa a barcin dare. Idan direba ya tsaya a Patapampa, ku fito a hankali, minti biyar ko goma, kada a yi gudu don ɗaukar hoto.

Abin da yake yaudarar mutane a Colca shi ne an juya tsarin hawan dutse. A dutse kana hawa da ƙarfinka, idan ka gaji ka juyo gangare. A nan sauka ake fara yi, hawan yana jiranka a ƙarshe lokacin da cinya ta riga ta mutu. Daga wurin tsayawa na San Miguel, gefen Cabanaconde, ana gangara wajen mita 1,000 zuwa gadar da ke kai wa San Juan de Chuccho, awa uku zuwa huɗu a kan tsakuwa mai santsi, kusan babu inuwa. Masu kwana biyu sukan ci abinci a nan su zarce ta ƙauyukan Cosñirhua da Malata, ƙarin awa uku, su isa Sangalle, dausayin da ke ƙasan kwazazzabon a kan mita 2,100 da ɗoriya. Ku kam ku raba shi: ku kwana a San Juan, gobe ku yi gajeriyar tafiyar zuwa Sangalle ku huta, jibi ku hau. Hawan daga Sangalle zuwa Cabanaconde kimanin mita 1,100 ne a tsaye, hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, awa uku ga mai ƙarfi, huɗu ko fiye ga yawancin mutane. Ana tashi tsakanin ƙarfe 4:30 da 5 na asuba da tocilar goshi, don a gama kafin rana ta bugi bangon dutsen. Wanda ya ga ba zai iya ba ya yi maganar alfadari da masu masauki tun da yamma, kada ya bari sai ya kai rabin hanya.

Ku cire kuɗi a Arequipa, ƙananan takardun soles, kuɗin Peru, domin a ƙasan kwazazzabon hannu da hannu ake biya. Akwai tikitin shiga yankin na hukumar Autocolca, wanda ya daɗe a kan soles 70 ga baƙon da ba ɗan Latin Amurka ba. A adana shi a aljihu mai zif, ana duba shi fiye da sau ɗaya.

Hajiya Mai Tsuntsaye:

Tsarin Malam ya yi daidai, sai dai bai sa muku safiyar kondor ba, kuma ita ce dalilin tafiyar. Wurin kallon shi ne Cruz del Cóndor, a kan hanya kafin a isa Cabanaconde, tafiyar kusan minti 20 zuwa 30 a mota daga garin. Ku ware masa safiya guda, ko wadda za ku fara sauka idan San Juan kawai za ku tsaya, ko ta ranar komawa.

Fahimtar yadda tsuntsun yake tashi ita za ta gaya muku lokaci. Kondor yakan kai kilo 15, fikafikansa a buɗe sun haura mita 3, don haka kaɗa fiffike yana cin ƙarfinsa ƙwarai. Masu bincike da suka ɗaura wa wasu na'ura sun gano cewa kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na lokacin tashinsa yake kaɗa fiffike, sauran duk iska ce ke ɗauke da shi. Yana kwana a ramukan bangon dutse ƙasa da inda mutane ke tsayawa, yana jiran rana ta ɗumama dutsen iska mai zafi ta fara tasowa. Shi ya sa tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe ne ake ganinsa kurkusa, yana kewayawa yana hawa har ya wuce daidai fuskar mutum. Da ya yi sama ya tafi neman mushe, sai dai a hango ɗigo. Safiyar da gari ya lulluɓe da hazo ko gajimare, tashin yakan yi jinkiri ko ya ragu. Ku isa kafin 8, ku bar dandalin da motoci ke sauke mutane ku bi ƴar hanyar gefen zuwa wuraren tsayawa na ƙasa, ku zauna. Yawancin masu cewa ba su ga komai ba minti 40 aka ba su.

Yadda za ku bambance su: babba baƙi ne, da farin gashi kewaye da wuya kamar an naɗa masa auduga, da farin faci a saman fikafikai. Namiji yana da zanko a ka kuma ya fi mace girma. Masu launin ƙasa-ƙasa ba wani jinsi ba ne, ƙanana ne, sai sun yi shekara biyar zuwa shida kafin su rikiɗe. Ƙwai ɗaya suke yi, galibi bayan shekara biyu, shi ya sa guba ɗaya da aka sa a mushe don kashe dila ko damisar dutse take yi musu ɓarnar da ba ta saurin gyaruwa. Kada a jefa musu abinci, kada a tayar da jirgi marar matuƙi a kansu, kada a tsallake katangar dutse don hoto.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa. A hanyar zuwa, a filin Pampa Cañahuas cikin gandun Salinas y Aguada Blanca, ku zauna kusa da taga: nan ake ganin bikunya, ƴar uwar lama (dangin raƙumi marar tozo) ta daji mai siririn wuya da launin zuma. Lama da alfaka da za ku gani da zare mai launi a kunne na makiyaya ne. A cikin duwatsu da sassafe akwai biskacha, kamar zomo mai doguwar jela, tana shan hantsi ba motsi, sai an kafa ido ake raba ta da dutse.

Game da wata: damina daga Disamba zuwa Maris take, ta fi ƙarfi a Janairu da Fabrairu, kuma lokacin ne duwatsu ke zubowa kan hanya. Daga Mayu zuwa Oktoba sama a buɗe take. Amma Yuni da Yuli su ne tsakiyar hunturunsu, dare a Chivay yakan sauka ƙasa da sifili har ruwa ya daskare. Afrilu da Mayu sun fi daɗi a ganina, ruwa ya ɗauke amma gonakin matakala na mutanen Collagua da Cabana suna nan kore.

Bakatsine:

Allah Ya saka da alheri. Abu ɗaya na manta: ɗaya daga cikinmu jininsa AS ne. Lafiyarsa ƙalau, bai taɓa kwanciya a kai ba. Akwai damuwa?

Ma'aikaciyar Jinya:

Akwai, kuma gara da ka faɗa, domin wannan ya fi duk sauran muhimmanci. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma a gida yawanci ba ya jin komai. A tudu mai tsawo, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, ga wahala ga ƙishirwa ga sanyi, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, wani sashenta ya mutu. An san wannan a likitance, kuma an sha ganin sa ga matafiya a duwatsun Peru. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman ciki ɓangaren hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba kafaɗar hagu, da amai ko zazzaɓi, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu da hawa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka soroche ne ko gyambon ciki, a sha maganin ciwo a ci gaba da tafiya. Abin yi: a tsaya, a sha ruwa, a nemi oksijin, a kai shi asibiti, kuma a faɗa wa likita kai tsaye cewa mai AS ne, domin ba abu ne da za su fara zato ba. Yawancin lokuta ana warkewa da ruwa da oksijin da saukowa ƙasa ba tare da tiyata ba.

Matsalar Colca ita ce babban asibiti yana Arequipa, kuma hanyar komawa sai ta sake haura Patapampa. Daga Sangalle kuwa sai an fara fito da mutum a kan alfadari. Don haka ya ga likitansa kafin ku sayi tikiti, ya nuna masa waɗannan alƙaluman tudun. Idan an yarje masa, ya tsaya a kallon kondor daga sama, ya bar hawan mita 1,100 ɗin. Mai SS ko SC kam wannan tafiyar ba tasa ba ce.

Ga ku duka: acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, ana shan milgiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa, da izinin likita. Yana sa yawan fitsari da jin tsattsagewa a yatsu, don haka ruwan sha sai an ƙara, kuma mai rashin jituwa da magungunan sulfa ya faɗa tukuna. Ciwon kai mai sauƙi yana tafiya da hutu da farasitamol. Amma wanda ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko magana ta rikice masa, ko yana haki a zaune da tari mai kumfa, ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu. Ba a jiran gari ya waye kafin a kai shi asibiti.

Za a miƙa muku shayin ganyen koka a kowane masauki. A Peru doka ta halatta shi, amma yana fitowa a gwajin miyagun ƙwayoyi na fitsari, kuma shigo da ganyen ko buhun shayinsa Najeriya zai iya jefa mutum hannun hukuma a filin jirgi. Shayin muña, wani ganye mai ƙamshin na'a-na'a, yana nan a madadinsa.

Ɗan Agadas:

Ƙari kan kaya da abinci. Ku bar manyan jakunkuna a masaukin Cabanaconde, ku sauka da jakar baya da ba ta wuce kilo 6 ko 7 ba. Ruwa lita 2 zuwa 3 kowane mutum, da ƙullin gishiri da sukari na ORS guda biyu-biyu. Ana sayar da ruwan gora a ƙauyukan ƙasa amma da tsada, tunda a bayan dabba yake zuwa. Kada a sha na rafi sai an tafasa ko an sa ƙwayar tacewa. Takalmi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, wanda ƙasansa ba ya santsi, kuma a yanke farce kafin sauka, domin awa uku na gangare yana dannan yatsu gaban takalmi har farce ya yi baƙi. Sandar dogarawa biyu tana rage wa gwiwa nauyi sosai. Tufafi a yi su hawa-hawa: a sama da asuba sanyi mai ratsa ƙashi, a ƙasa da azahar zafi kamar na bazara. Hula mai faɗi, tabarau, man kare fata daga rana da na leɓe. Duhun fata ba ya hana ranar tudu ƙona mutum. A Sangalle akwai ƙananan ƙudaje masu cizo da yamma, dogon wando ya fi. Idan ayarin alfadarai ya taho, ku raɓa jikin dutse, kada ku tsaya ta gefen rami.

Hanyar San Juan da Sangalle a bayyane take, mutum uku da taswira a waya wadda aka sauke tun a gari za su iya ba ɗan jagora. Amma kada a yanke hanya tsakanin lanƙwasa, ƙasar tana zamewa kuma tana tura duwatsu kan na ƙasa. Yanki ne na girgizar ƙasa, dutsen Sabancaya yana fitar da toka a kusa, kuma a Agustan 2016 girgiza ta rushe gidaje a Ichupampa da kewaye. Ku tambayi masu masauki halin hanya kowace safiya.

Abinci: kifin trucha, ƙwai, shinkafa, dankali, miyar kinuwa (wani hatsi na can) da fiya suna ko'ina, da su za ku rayu. Adobo na Arequipa da chicharrón naman alade ne, kalmar da za ku riƙe ita ce "sin chancho", wato ban da alade, kuma ku tambayi romon miya ma. Chicha de jora tana bugarwa, chicha morada kuwa abin sha ne na jar masara ba giya. Ku tafi da dabino da gyaɗa don hawan asuba, tunda karin kumallo sai an iso Cabanaconde. Alƙibla daga can gabas ce a ɗan karkata arewa, wajen digiri 73 a kamfas, kuma ku duba lokacin alfijir tun kuna da sabis, domin tashin ƙarfe 4:30 yakan riga shi a watannin sanyi, sallar ta same ku a kan hanya.