Waɗanda suka taɓa shiga masaƙar siliki a Biyetnam, me kuka gani?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai zuwa in sha Allah zan raka maigida Hanoi, kwana biyar za mu yi. Shi yana taro, ni kuma ba zan zauna a otal ina kallon bango ba. Ina so in ga yadda ake saƙa siliki da idona, in kuma sayo tsaraba. Wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Tunda Hanoi za ki, Van Phuc ce wurin zuwanki. Tana yankin Ha Dong, kamar kilomita 10 daga tsakiyar gari. Da Grab na je, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, amma akwai jirgin ƙasan Cat Linh zuwa Ha Dong da aka buɗe a 2021, in kin sauka sai ki ƙarasa da tasi. Mutanen wurin suna cewa sun haura shekara dubu suna saƙa, kuma ba za ki fito ba sai an gaya miki an baje kolin silikinsu a Marseille ta Faransa a 1931.

Kina shiga za ki ga titi an rataye lemomi masu launi a sama, kowa na ɗaukar hoto. Kada ki tsaya nan. Bi ƙarar injin saƙa cikin lungu, kunnenki zai kai ki. Masaƙar da na shiga, sai da na riƙa ɗaga murya kafin mai yi mana tafinta ta ji ni. A saman kowane injin akwai jerin kwalaye masu huji-huji, su ke gaya wa zare inda zai hau da inda zai sauka, da haka zanen ke fitowa. Akwai wani saƙi da suke kira van, wato gajimare: a inuwa kamar yadi ne ba ado, ki juya shi ga haske sai furanni su bayyana.

Ni dai na sha kunya. Shekara nawa ina taɓa yadi, amma a wani shago na sayi gyale shida da araha ina murna. Da na dawo gida na zare zare ɗaya na ƙona, sai ya narke ya dunƙule kamar leda. Siliki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa kuma tana murmushewa a yatsa. Ganin masaƙa a bayan shago ba ya nufin duk abin da ke kan kanta a nan aka saƙa shi.

Abban Zara: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, Maman Hanif, kada ki sayo wa maigida riga ko laktaye na zallan siliki. Kin san hukuncin alharini ga maza, faɗin yatsu huɗu kawai aka yi rangwame. Ni sai da aka gwada ni za a yanka yadi na tuna.

Ummi Zinder: Ni a Hoi An na gani, can tsakiyar ƙasar. A nan ne suka nuna mana tun daga tushe. Tsutsotsin suna cikin manyan faifai zagayayyu suna cin ganyen mulberi, in ka yi shiru kana jin ƙarar cin kamar yayyafi a kan kwano. Daga nan kowace ta naɗe kanta cikin ɗan gida fari ko rawaya. Sai a zuba gidajen a ruwan zafi, wata mata ta kamo bakin zaren da tsinke, ta haɗa na gida da yawa wuri ɗaya, domin na gida ɗaya ya fi gashi siranta. Tsawonsa kuwa ɗaruruwan mita. 'Yata ta tambaya ina tsutsar take, da aka ce ta mutu a ruwan zafin sai kuka. Mutanen wurin soya ta ma suke yi su ci. An miƙo mana, muka ce mun gode. Ki shirya wa warin ɗakin tafasawar, ni sai da na rufe hanci da mayafi.

Ɗan Marina: Duk ba ku je inda ya fi burge ni ba. Tan Chau, can kudu a An Giang, kusa da iyakar Kambodiya. Suna da baƙin siliki, Lanh My A, da ake rinawa da 'ya'yan wata bishiya mai suna mac nua. A daka 'ya'yan, a tsoma yadin, a shanya a rana, a sake tsomawa, haka ake ta yi har watanni. Sannan a buge shi sai ya yi sheƙi. Ni da na tashi ina ganin karofin Ƙofar Mata da masu bugu, tsayawa na yi kamar na ga dangi. Hannun marinansu ma baƙi ƙirin, irin na kawuna. A Chau Phong kuma akwai 'yan ƙabilar Cham, Musulmi ne, matansu na saƙa da hannu a gida. A masallacinsu na yi azahar. Sai dai daga Hanoi tafiya ce mai nisa, kwana biyar ba za su ishe ki ba.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Van Phuc ke nan. Hajiya, za su yarda in ƙona zare a gabansu kuwa? Kada a ce na raina musu sana'a.

Hajiya Mai Atamfa: Ki tambaya da fara'a, ƙanwata. Da na koma karo na biyu, wata tsohuwa da kanta ta ciro zare daga bakin yadin ta kunna ashana. A wurinta na sayi mita huɗu, kuma ban nemi ragi ba.